Yadda ake zaɓen fanni da yin rajista a jami'o'in Ngaundere, Marwa da Garwa a arewacin Kamaru, mataki-mataki

Tun da sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ya fito tambayoyi ba su yanke ba. Wani uba a Garwa ya ce ɗansa ya ci bak D, wane fanni ya dace da shi? Wata ɗaliba a Marwa ta ji ana cewa a jami'a mutum yana iya haɗa babban fanni da ƙarami, tana son sanin inda ake cike hakan. 'Yan'uwa na Injamena kuwa tambayarsu kullum ɗaya ce: waɗanne takardu za mu ƙetaro da su ta Kusiri, garin Kamaru na kan iyaka da Chadi? Amsa ɗaiɗai ta gagara, shi ya sa na tattara komai a nan.

Kafin a shiga matakan, a san wannan. A jami'ar Buea, mai bin tsarin Ingilishi, ɗalibi yana iya ɗaukar babban fanni ya haɗa shi da ƙarami a hukumance. A jami'o'inmu na arewa ba haka abin yake tafiya ba. Babban fanninka shi ne filiyer ɗin, wato fannin karatun, da ka cike a fom na farko, tun ba ka taɓa zama a aji ba, kuma shi za a rubuta a kan lisansinka, wato digirinka na farko. Ƙaramin fanni kuwa ba wanda zai miƙo maka shi da suna, kai ne za ka tara shi da hannunka daga darussan zaɓi. Saboda haka aikin da ya fi nauyi yana cikin watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da yara ke ganin hutu ya zo.

Mataki na 1: Fito da takardar makin bak

Ba takardar shaidar cin jarrabawa nake nufi ba, takardar maki, wadda kowa ke kira relebe. Ita za ta gaya maka gaskiyar da abokai ba za su gaya maka ba.

Da farko dubi nau'in bak ɗinka, domin shi ke buɗe ƙofa ko ya rufe ta. Mai bak C yana da damar lissafi, fizik, kimiyyar sinadarai da ilimin kwamfuta. Mai bak D hanyarsa ta fi miƙewa zuwa ilimin halittu, sinadarai da ilimin ƙasa da duwatsu. Mai bak TI ilimin kwamfuta ne gidansa. Mai bak A4, ko Jamusanci ya yi ko Sifaniyanci ko Larabci, wurinsa tsangayar adabi da ilimin zamantakewa: tarihi, labarin ƙasa, ilimin zamantakewa, Faransanci, Ingilishi, Larabci, nazarin harsuna. Tsangayar kimiyya ba ta karɓar bak A, kada ka ɓata kuɗin dosiye, wato takardun neman shiga. Mai GCE, jarrabawar sakandare ta tsarin Ingilishi, yana bukatar aƙalla darussa 2 na babban mataki, kuma sai sun dace da fannin da yake nema.

Daga nan sai ka ja layi a ƙarƙashin darussa uku da ka fi samun maki, ka haɗa da na takardar forobatuwar, jarrabawar da ake yi shekara guda kafin bak, idan a Kamaru ka yi karatu. Darasin da ka ci shekara biyu a jere ba sa'a ba ce.

Gargaɗi: bak D da maki 7 cikin 20 a lissafi ba ya hana a karɓe ka a wasu fannonin da ke cike da lissafi. Karɓa daban, iyawa daban. A shekarar farko ta fizik ko ilimin kwamfuta lissafin ne ke tankaɗe mutane, ba komai ba.

Mataki na 2: Fara lissafi daga ƙarshe

Tambayi kanka: ranar da lisansi ya shigo hannuna, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa? Wannan tambaya ta fi "me nake so" amfani, domin ƙofofin suna da sharuɗɗa.

Mai son koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, makarantar horar da malamai ta ENS da ke Marwa tana da ƙofa biyu: ta farko da bak, ta biyu da lisansi. Ƙofa ta biyu tana neman lisansi a fannin da za ka koyar. Wanda ya yi ilimin zamantakewa ba zai nemi gurbin malamin tarihi ba don kawai ya ɗauki darussan tarihi guda biyu. A kuma bincika ko gama ENS yana ba mutum aikin gwamnati kai tsaye kamar da, kada a ɗauka haka ne. Mai hangen ENAM, makarantar horar da jami'an mulki da alƙalai, ya lura da iyakar shekarun haihuwa da sanarwar kowace shekara ke kawowa, domin maimaita aji sau biyu yana iya cinye damar. Mai son aikin noma da kiwo ya tuna inda ayyukan suke: kamfanin auduga na SODECOTON da ɗakin gwajin lafiyar dabbobi na LANAVET a Garwa, cibiyoyin binciken noma na IRAD a Marwa da Wakwa kusa da Ngaundere. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankin Arewa Mai Nisa kuwa sun fi neman mai harshe biyu da ya iya tattara bayanai a kwamfuta.

Likitanci, injiniyanci da likitancin dabbobi ba a shigarsu ta wannan hanyar, sai da konkur, wato jarrabawar gasar shiga, kuma kuɗin zama konkur ɗin yawanci sefa 20,000 ne da ba a mayarwa. Shawarata: ko da ka yi konkur, ka yi rajistar tsangaya ma. Sakamakon konkur yakan fito bayan an rufe rajista, kuma duk shekara akwai masu zama a gida saboda sun rataya komai a kansa.

Nan ne kuma maganar iyaye take shigowa. Gidaje da yawa ba su san wani karatu ba sai likita da injiniya. Gardama ba ta da amfani. Ɗauki relebe ka zauna da mahaifinka ka ce, "Baba, ku dubi makina na lissafi, ku dubi na labarin ƙasa. In na shiga inda kuke so zan yi iya ƙoƙarina, amma ina tsoron kuɗinku na shekara guda ya tafi a banza." In maganar ta yi maka nauyi, kai ta wurin kawu ko tsohon malaminka na lise su shige maka gaba.

Mataki na 3: Zaɓi jami'a, ka tabbatar fannin yana buɗe a bana

Jami'ar Ngaundere ita ce babba, an kafa ta a 1993, tana Dang, kimanin kilomita 15 daga cikin gari. Ta Marwa ta zo a 2008, ta Garwa a 2022. Sabuwar jami'a ba ta buɗe dukkan sassa a lokaci ɗaya, saboda haka sanarwar shugaban jami'a ta wannan shekarar ita ce abin dogaro, ba abin da yayanka ya gani a zamaninsa ba. Karanta ta har ƙarshe: fannonin da aka buɗe, bak ɗin da kowanne ke karɓa, ranar rufewa, da inda ake biyan kuɗi.

Kuɗin makaranta ɗaya ne a ukun. Abin da ke bambanta su shi ne zama. Ɗan Garwa da zai kwana a gidansu ya ci tuwon gida ya huta da kuɗin haya, wanda a Dang shi da abinci suka fi kuɗin makarantar kanta nauyi nesa ba kusa ba.

Ga mutanen Chadi, Jami'ar Injamena, wadda aka kafa a 1971, tana da kimiyya a Farsha, adabi da ilimin zamantakewa a Tukra. Wanda karatunsa duka da Larabci ne yana da Jami'ar Sarki Faisal. Masu ƙetarowa Kamaru da bak na Larabci su sani cewa in ba a sashen Larabci ba, darasi da Faransanci ake yin sa, wani lokaci da Ingilishi.

Mataki na 4: Haɗa dosiye

Abin da aka saba nema: kwafin takardar haihuwa da aka tabbatar, kwafin relebe na bak ko na GCE, kwafin forobatuwar ga wanda ya yi ta, hotuna 4 x 4, takardar duban lafiya, rasidin kuɗin rajistar farko, da babban ambulan mai ɗauke da sunanka. Ana tabbatar da kwafi a ofishin magajin gari ko na superfe, wato shugaban gunduma, kowane kwafi da tambur ɗinsa, wato kan sarkin haraji, kuma tun 2023 tambur ɗin ya koma sefa 1,500. Yi kwafi fiye da abin da aka nema, domin konkur ma zai ci nasa.

Gargaɗi mafi girma a wannan mataki shi ne suna. Shimfiɗa takardar haihuwa da relebe gefe da gefe a kan tabarma, ka bi su harafi-harafi da yatsa. A ɗaya an rubuta suna da H a farko, a ɗaya babu. A ɗaya sunan uba ne a gaba, a ɗaya naka. A ɗaya ranar haihuwa cikakkiya ce, a ɗaya shekara kawai. Mu a gida duk mutum ɗaya ne, amma magatakardan jami'a mutum biyu yake gani. Abin takaicin, sau da yawa ba a kama wannan a shekarar farko, sai ranar karɓar lisansi, ko ranar ajiye dosiyen konkur. Gyara shi yanzu tun yana da sauƙi.

Mai bak na Chadi ya sa hukumar jarrabawa ta ONECS ta tabbatar masa da takardarsa tun yana Injamena, kafin ya hau mota. Wanda ya yi sakandare a Najeriya ya zo da WAEC ko NECO, da wanda ya zo da sanawiyya daga wata ƙasar Larabawa, sai sun nemi takardar daidaita shaida daga ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde. Tana ɗaukar lokaci, a fara nemanta da wuri, a kuma riƙe rasidin ajiye takardun.

Mataki na 5: Cike fom a intanet

Rajistar farko a shafin intanet na jami'a ake yin ta. Yawanci mutane sukan je shagon kwamfuta a cike musu, ba laifi. Laifin shi ne miƙa takardu ka fita waje shan shayi. Yaron shagon yana da layin mutane a bayanka, hannunsa yana gudu, kuma sunayen fannoni a jere suke ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Danna ɗaya ya kauce, ka tashi daga ilimin halittu ka faɗa wani wuri. Ja kujera ka zauna kusa da shi, ka karanta allon da bakinka kafin ya aika.

Idan fom ya ba da gurbin zaɓi na biyu da na uku, kada ka cika su don kawai a cika. Ana iya tura ka can. Sa lambar wayarka da adireshin imel naka, ba na mai shago ba, ka rubuta kalmar sirri a littafi. Buga fom ɗin kwafi biyu, sannan ka kai dosiyen takarda ofishin rajista na tsangaya ka karɓi shaidar ajiyewa. Cike fom a intanet kaɗai bai gama rajista ba.

Mataki na 6: Biyan kuɗi

Bayan sunanka ya fito a jerin waɗanda aka karɓa za a ba ka lambar ɗalibi. Kuɗin shekara a tsangayoyin jami'o'in gwamnati sefa 50,000 ne, jaka hamsin ke nan, kuma ana iya biya kashi biyu, 25,000 a kowane zango. Ɗaliban ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki ta Afirka ta Tsakiya, har da Chadi, abin da ɗan Kamaru ke biya suke biya. Ɗan Najeriya ko Nijar kuɗinsa ya fi haka. Akwai ƙananan kuɗaɗe kamar na duban lafiya, sanarwar za ta faɗi adadinsu. Fannonin sana'a da wasu tsangayoyi ke buɗewa a gefe kuɗinsu daban ne, kuma ya ninka wannan.

Gargaɗi: biya a asusun da sanarwa ta ambata, da sunanka da lambarka. Kada ka ba wani "mai hanya" kuɗi ya biya maka. Rasidin asali ka ɗauki hotonsa a waya, ka yi kwafinsa, ka sa shi a leda ka ajiye. Za a tambaye ka shi a ƙofar ɗakin jarrabawa, har ma bayan shekara uku.

Mataki na 7: Rajistar darussa, inda ake gina ƙaramin fanni

Tsarin da ake bi shi ne LMD, wato lisansi, masta, dokta. Lisansi shekara 3 ne, zango 6, kowane zango kiredi 30, jimla 180 (kiredi shi ne ma'aunin nauyin darasi). An kasa darussa cikin ƙunshi-ƙunshi da ake kira UE. Akwai na tushe, waɗanda su ne babban fanninka, ba ka da zaɓi a kansu. Akwai na kowa da kowa, kamar horon harshe na biyu, inda mai Faransanci ke koyon Ingilishi. Sannan akwai na zaɓi, kuma a nan maganar take.

Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su tambayi na gaba da su wane malami ne ba ya rowar maki, su bi can. Bana su ɗauki wannan, baɗi su ɗauki wancan, a ƙarshe relebe ɗinsu ya zama tarkace, ba abin da ya haɗa darussan. Kai kuwa tun makon farko je sashenku ka nemi jadawalin darussan shekara ukun gaba ɗaya, ba na zangon farko kawai ba. Yawanci yana manne a allon sanarwa ko yana wurin sakataren sashe. Ɗauki hotonsa. Zauna da biro ka zagaye darussan zaɓi na kowane zango, ka nemi waɗanda suka bi layi ɗaya, ka bi layin nan har ƙarshe.

Ga haɗin da nake ganin yana da riba a yankinmu. Mai labarin ƙasa ya bi layin zanen taswira da kwamfuta da nazarin hotunan tauraron ɗan'adam. Manhajar QGIS kyauta ce, kuma duk mai aikin filaye, ambaliyar Logone ko hanyoyin makiyaya yana bukatar wanda ya iya ta. Mai ilimin halittu ya riƙe ƙididdiga da sinadarai, domin ɗakin gwaji ba ya ɗaukar wanda bai iya karanta alƙaluman gwajinsa ba. Mai lissafi ya haɗa da rubuta manhaja. Mai Larabci ya ƙarfafa Faransanci ko Ingilishi har ya iya fassara a rubuce, wannan ya fi zama da Larabci shi kaɗai buɗe ƙofofi. Mai nazarin harsuna da ya taso da Hausa da Fillanci a baki yana riƙe da jarin da abokan ajinsa ba su da shi, ya sa ayyukan bincikensa a kansu.

A wasu sassan zaɓin ba ya zuwa sai a shekara ta 3, inda fannin ke rabuwa gida-gida, misali ilimin halittu ya rabu zuwa na dabbobi da na tsirrai. A wasu kuma darussan zaɓin kaɗan ne ƙwarai. In haka ne, ƙaramin fannin sai a waje: shiga ajin wani sashe ka saurara in malamin ya yarda, ko ka yi kwas na kwamfuta ko na harshe mai takardar shaida, ko ka nemi zaman koyon aiki a lokacin hutu. Sauraro ba ya ba da kiredi, amma ilimin yana shiga.

Gargaɗi na farko: darasin da ba ka rubuta a takardar rajistar darussa ba, ko ka zauna jarrabawarsa makin ba zai hau ba. Dubi lambar kowane UE, ka sa a sa hannu a takardar, ka ajiye kwafi.

Gargaɗi na biyu: duba ko darasin zaɓin yana cin karo da aikin ɗakin gwaji. Ana iya aron littafin aboki a kwafi darasi, amma ba a aron halartar gwaji.

Gargaɗi na uku: masu son yin rajista a fanni biyu lokaci ɗaya, kada ku biya ko sisi sai kun ga izini a rubuce daga tsangayoyin biyu. Jarrabawa takan faɗo rana ɗaya, kuma ba wanda zai ɗaga ta dominka. Ban ba ɗan shekarar farko wannan shawara ba ko kaɗan.

Mataki na 8: Iya lissafin makinka

A sassa da yawa gwajin cikin zango, wato CC, yana ɗaukar kashi 30 cikin 100, jarrabawar ƙarshe kashi 70. Inda akwai aikin gwaji rabon yakan canza, ka tambaya. Ga yadda abin yake a aikace, maki a kan 20 ake ba da shi, 10 ne makin ci. Ka samu 14 a CC, ka samu 8 a jarrabawa: 4.2 da 5.6, jimla 9.8, ba ka kai 10 ba. Wanda bai zauna CC ba kuma, sai ya haura 14 a jarrabawa kafin ya tsira. Yawancin masu faɗuwa a shekarar farko ba jarrabawa ce ta kayar da su ba, CC ɗin da suka raina ne, ko suka makara dawowa daga gida aka yi babu su.

Ranar da aka manna sakamako, allon sanarwa yakan cika maƙil, kowa na leƙe ta kafaɗar wani, takardu shafi-shafi da ƙananan lambobi. Nemi lambarka, ba sunanka ba, ka ɗauki hoton layin. Idan maki bai fito ba ko an sa maka sifili alhali ka zauna, rubuta takardar koke nan take, ka haɗa da kwafin rasidi da na rajistar darussa. Wa'adin koke kwanaki kaɗan ne. Wakilin aji shi ya fi kowa sanin ranar rufewa, ka riƙe lambarsa.

Wanda ya faɗi UE yana da zaman jarrabawa na biyu. Ana iya wucewa aji na gaba da bashin wasu kiredi, gwargwadon ƙa'idar kowace tsangaya, amma lisansi ba ya fita sai 180 sun cika. Bashin shekarar farko da aka bari har shekara ta 3 shi ne ke riƙe mutane, domin lokacin jarrabawarsa yakan yi karo da na sabbin darussa. Ka kuma tuna ana tace masu shiga masta da matsakaicin makin shekara ukun, kuma kyautar ƙwazo ta sefa 50,000 da gwamnati ke bai wa ɗalibai ita ma maki take bi.

Mataki na 9: In fannin bai karɓe ka ba

Yana faruwa. In ka gane tun makonnin farko, rubuta takardar neman sauyi zuwa ga shugaban tsangaya ta hannun shugaban sashe, kafin a rufe rajistar darussa. Cikin tsangaya ɗaya abin ya fi sauƙi, muddin bak ɗinka ya dace da sabon fannin. Kada ka koma zama a wani aji da bakinka kawai, sunanka yana can inda ka baro.

In shekara ta riga ta yi nisa, ka daure ka kammala ta, ka ci abin da za ka iya ci, sannan ka nemi sauyi a rajistar baɗi. Yawanci daga shekarar farko za ka sake farawa. Karɓi relebe na shekarar da ka yi kafin ka bar tsohon sashe, ka tambayi sabon sashen a rubuce ko za su lissafa maka darussan da suka yi daidai da nasu, musamman na harshe da na kowa da kowa.